Kar ka amsa sai bayan sallah ta gaba

Jama'a, ga wata dabara da ta taimake ni.
Duk saƙon da ya ɓata maka rai, kar ka amsa nan take. Ajiye wayar, ka jira sai bayan sallah ta gaba.

Bara kasuwa ta tsaya min, ga kuɗin haya ya matso. Wani da nake binsa bashi ya turo min baƙar magana a WhatsApp. Na rubuta amsa mai zafi, amma ban tura ba. Bayan La'asar na sake karantawa, na goge. Wallahi da na tura, da kuɗin da zumuncin duk sun tafi.

Zafin fushi ba ya daɗewa in ba a ƙara masa itace ba. Ruwan alwala da tashi daga wurin suna kwantar da bugun zuciya. Annabi (SAW) ma ya umarci mai fushi in yana tsaye ya zauna.

Amma in barazana ce ga rayuwarka, kar ka jira, nemi taimako. In kuma damuwar ta kai makonni tana hana ka barci da cin abinci, ka ga likita.