Yadda na ceto bishiyar mapul ɗin ƙofar gidanmu

Gidan da muke zaune a Kanada akwai tsohuwar bishiyar mapul, irin wadda ganyenta ke jikin tutar ƙasar. Wanda ya riga mu zama ya sa an yi mata aski na rashin imani, aka datse manyan rassan aka bar kututture. Da na danna wani dungu da yatsa, sai ya burme kamar jiƙaƙƙen burodi, ga laimar kwaɗi ta tsiro a gefe.

Niyyata in cike ramin da siminti in shafa fenti. Ma'aikacin itatuwan da na kira ya hana ni, ya ce hakan danshi kawai yake kullewa a ciki, ita bishiya da kanta take killace ruɓa. Ya ƙwanƙwasa gindin da guduma, ya ji bai zama holoƙo ba.

Sai muka jira bazara, don mapul kan zubar da ruwa sosai in an yanke ta ƙarshen hunturu. Muka cire matattun dungaye daf da kumburin gindin reshe, ba tare da taɓa shi ba, muka rage tohon da ya cunkushe. Na baza ɓawon itace kaurin santimita 7 a ƙasa, nesa kaɗan da gindin. Bana bakin raunukan ya fara naɗewa.