Kurakuran da sabbin hannu ke maimaitawa a sashen yara masu HIV

Duk shekara sai an turo mana sabbin ma'aikata sashen yara masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV: nas-nas, masu ba da shawara, da ɗaliban kiwon lafiya da suka zo sanin makamar aiki. Yawancinsu a sashen manya suka koyi aikin, kuma daga nan matsalar ke farawa. Babba in ka ɗora shi a kan magani, ƙwaya ɗaya ce kullum, bana ita ce, baɗi ma ita ce. Yaro kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Jikinsa na ƙaruwa, hankalinsa na buɗewa, mai ba shi maganin ma canzawa yake yi, yau uwa, gobe kaka, jibi makarantar kwana. Bakina ya gaji da nanata magana ɗaya ga kowane sabon zuwa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da jarirai. Gwajin nan na nan-take da ake ɗiga jini a ɗan tsinke ba ƙwayar cutar yake nema ba, sojojin garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙar ta yake gani. Jariri kuwa da sojojin uwarsa ake haihuwarsa, suna iya kai wata 18 a jininsa. To ka yi wa ɗan wata uku wannan gwajin, layi biyu ya fito, ka tashi ka ce wa uwa ɗanta ya kamu, ka sa ta kuka a kan abin da ba ka tabbatar ba. Gwajin jariri shi ne PCR, mai neman ƙwayar cutar kanta: a soki diddigensa yana ɗan mako shida, a ɗiga jinin a kati, ya bushe, a aika. In ya fito babu, kada ka sallami uwa da cewa an gama. Muddin yana shan nono, sai an sake dubawa, kuma hukuncin ƙarshe sai ya kai wata 18 ko wata uku bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya.

Wanda ya fi wannan muni shi ne sakamako ya dawo da cuta, ya kwanta a durowa, wai ai yaron ɓul-ɓul yake, sai ranar da uwar ta dawo. A binciken CHER da aka yi a Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 2008, an raba jarirai masu cutar da ba su nuna alamar ciwo ba: wasu aka fara musu magani nan take, wasu aka jira sai garkuwarsu ta fara sauka. Fara maganin da wuri ya rage mutuwa da kashi 76 cikin 100. Tun kafin nan an san cewa in babu magani, kusan ɗaya cikin uku na jariran da suka kamu ba sa cika shekara, rabi kuma ba sa wuce shekara biyu. Ni dai sakamako in ya iso da safe, kafin azahar na buga waya. In wayar ba ta shiga, a bi adireshi.

Septrin kuma, maganin da ke kare yaro daga cututtukan da ke kama mai raunin garkuwa, kada a raina shi don yana da araha. A Zambiya an gwada shi a kan yara masu HIV, sakamakon 2004 ya nuna ya rage mutuwa da kashi 43 cikin 100. Daga mako shida ake fara wa jaririn da uwarsa ke da cutar.

Yanzu ga abin da ke tayar mini da jijiyar wuya: sikeli. Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Dolutegrabir na yara, maganin HIV da muke kira DTG, ƙwaya ce mai miligiram 10 da ake narkarwa a ruwa. Ɗan kilo 3 zuwa ƙasa da 6, rabin ƙwaya. Kilo 6 zuwa ƙasa da 10, ɗaya da rabi. Kilo 10 zuwa ƙasa da 14, biyu. Kilo 14 zuwa ƙasa da 20, biyu da rabi. Ya kai kilo 20, ya koma ƙwayar manya mai miligiram 50. Abokin tafiyarsa, haɗin abakabir da lamibudin, shi ma haka yake hawa mataki-mataki. Wannan jadawalin a manne yake a bango, kowa na ganinsa. Abin da ba a yi shi ne ɗora yaron a kan sikeli.

Akwai wata yarinya da aka kawo mana da tamowa, kilo 9, uwarta ta rasu, kaka ce ke riƙe da ita. Aka fara magani, ta murmure. Garinsu da nisa, kuɗin mota na mutum biyu ya yi wa tsohuwar yawa, sai ta riƙa zuwa ita kaɗai da kati. Duk wanda ke kan tebur sai ya kalli layin sama, ya kwafi "9", ya ba da magani. Fiye da shekara ana haka. Da gwajin yawan ƙwayar cuta a jini ya dawo sama da 1,000, alamar maganin bai danne cutar ba, aka zaunar da tsohuwar nan ana mata faɗa, wai ba ta ba da magani. Ta ce, "'Yar nan, wallahi ko ranar da na kwana da zazzaɓi ban tsallake ba. Ɗaya da rabi kuka ce, ɗaya da rabi nake ba ta." Gaskiyarta. Da aka kawo yarinyar aka auna, kilo 14 ce. Ɗaya da rabi take sha, alhali biyu da rabi ne rabonta. Rigar sallar bara ake ta cusa mata, sannan ana zagin mai sa mata rigar.

Saboda haka kafin ka buɗe baki ka tuhumi uwa ko kaka, duba abin da ka rubuta da hannunka. A teburina ba na rubuta nauyin da idona bai gani ba. In yaro bai zo ba, na ja layi a gurbin, na rubuta "ba a auna ba" da jan biro, don na gaba ya san akwai bashi. Wasu abokan aiki na cewa na cika tsanani, tunda yanzu ana ba da maganin wata uku lokaci guda don sauƙaƙa wa mutane. Ban ƙi ba, amma ɗan ƙasa da shekara biyu, ko wanda ke murmurewa daga tamowa, ina son in gan shi da idona, ko a auna shi a asibitin unguwarsu a turo mini lambar.

Kada kuma ka ce na yara ya ƙare, bari ka fasa ta manya gida-gida. Mai narkewa ta fi shiga jini, miligiram ɗinsu ba ɗaya ba ne. Ka nuna wa uwa yadda ake haɗawa a gabanka: ruwa mai tsabta kaɗan a ɗan kofi, a juya har ta narke, yaro ya shanye, a ƙara ɗan ruwa a ɗauraye kofin ya sake sha. Maganin ya cancanci wannan wahalar. A binciken ODYSSEY da aka wallafa a 2021, yara da matasa 707 daga Yuganda, Zimbabuwe, Afirka ta Kudu, Tailan da Turai, maganin ya gaza a kashi 14 cikin 100 na masu shan DTG bayan mako 96, a kan kashi 22 na masu shan tsofaffin haɗe-haɗe. Wanda ya taɓa ganin yaro na tofar da ruwan lofinabir, tsohon maganin nan mai ɗacin tsiya, ya san irin sauƙin da aka samu.

Tarin fuka: maganinsa rifamfisin na sa hanta ta yi saurin kawar da DTG, don haka sai an koma sau biyu a rana, har mako biyu bayan an gama maganin tarin. Sashen tari da namu su riƙa magana da juna. Maganin ƙarin jini, na ƙarin ƙarfin ƙashi da na gyambon ciki mai kama da alli suna riƙe DTG a hanji, a ba da DTG awa biyu kafin su ko awa shida bayansu. Ka tambayi abin da aka sayo a kemis, ba za a faɗa maka don kai ba.

Abu na biyu da ba na yafewa shi ne taya iyaye yi wa yaro ƙarya. "Maganin sikila ne." "Na ƙarin jini ne." Sabon ma'aikaci ya ji uwa ta ce, "Sista, don Allah kada ki gaya masa," sai ya gyaɗa kai, ya ga ya yi kara. Shekara na bin shekara, yaro ya kai 14 ana rufa-rufa. Kun manta sunan maganin na rubuce a jikin kwalba, kuma yaran yanzu waya na hannunsu?

Haka muka rasa wani yaro mai ƙoƙari, ɗan makarantar kwana. Da wayar abokinsa ya duba sunan, cikin dare, shi kaɗai, ba mai ce masa komai. Bai tambayi kowa ba. Ya riƙa juye ƙwayoyin a masai, yana dawowa hutu da kwalba wayam, ana yaba masa. Sai da tari ya kwantar da shi ya ce da ni, "Anti, kowa ya sani ban da ni. To me zan sha?" Aka sake ɗora shi a kan magani, amma jiki ya riga ya yi nisa. Duk wanda ya taɓa zama a teburin nan ya ce masa "sha maganin sikilarka" yana da kaso a ciki.

Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sanar da yaran da suka kai shekarun makaranta halin da suke ciki, ƙanana kuma a riƙa ba su bayani kaɗan-kaɗan daidai hankalinsu. Yadda nake yi: ɗan shekara biyar ko shida ina ce masa akwai wata ƙwayar cuta a jininsa, maganin na sa ta barci don sojojinsa su yi ƙarfi. Ba ƙarya a ciki, suna ne kawai ban kira ba. Wajen shekara goma zuwa sha biyu, kafin balaga, sai a kira sunan, uwa na zaune. Amma aikin daga uwar yake farawa, don ba yaron take tsoro ba, tambayar da zai yi take tsoro: "Umma, ke a ina kika samo?" Sai mun zauna ni da ita, mun gwada amsar da za ta bayar, ta yi kukanta ta gama, sannan a kira shi. Kuma bayan an faɗa ba a barinsa sai wata uku, mako biyu nake ce masa ya dawo.

Matashi a gan shi shi kaɗai, ko na minti biyar ne, mahaifi ya jira a waje. Kada ka tambaye shi "Kana shan maganinka?", "E" zai ce. Ka ce, "A makon nan sau nawa ya wuce ka?" In ya faɗi gaskiya kuma ka balbale shi da faɗa, ka rufe bakinsa ke nan. Sa'anninsa sun fi mu iya wannan magana: a karkarar Zimbabuwe an gwada tsarin Zvandiri, inda matasa masu cutar ke tallafa wa 'yan uwansu, sakamakon 2020 ya nuna kashi 25 cikin 100 ne maganin ya gaza musu ko suka rasu, a kan kashi 36 a asibitocin da babu tsarin.

In gwaji ya ce ba a ga ƙwayar cuta ba, ka iya bakinka, kada uwa ta fita da "ya warke". Wata jaririya a jihar Misisipi ta Amurka an fara mata magani tana awa 30 da haihuwa, aka daina tana wajen wata 18, ta yi wata 27 ba a ga komai a jininta ba, a 2014 cutar ta dawo.

Azumi kuma ka rigaye shi tun cikin Sha'aban. Matashi ba zai yarda ya haɗiyi ƙwaya da hantsi abokai na kallo ba, gara ya bari. Tunda sau ɗaya ne a rana, ku mayar da shi bayan buɗa-baki ko lokacin sahur, ku rubuta sabon lokacin a kati. Mai shan sau biyu saboda tarin fuka, wannan sai ya zauna da likita tukuna.