Kurakuran da ke lalata kabad ɗin katako da yadda ake gyara su

Yawancin kabad ɗin da ya tsage, ko ƙofarsa ta kanannaɗe, ko durowarsa ta ƙi fita, ba a wajen haɗi aka ɓata shi ba. Tun a kasuwar katako aka ɓata shi. Mahogani da iroko da afara da ake sayarwa a Arewa galibi daga dazuzzukan Kudu suke zuwa, inda iska ke da laima kusan duk shekara, kuma sau da yawa ana ɗora su a mota ba su daɗe da fitowa daga injin yanka ba. Kafinta ya saya yau, gobe ya sa zarto. Aikin zai yi kyau ranar da aka kai wa mai shi. Sai hunturu ya shigo, katakon ya saki ruwan da ke jikinsa, ya tsuke, a ga layin haske tsakanin falankan da aka manna.

Katako ba ya daina motsi ko da ya shekara ashirin a ɗaki. Da damina yana shan laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. A tsawonsa motsin bai kai a damu da shi ba, a faɗinsa ne matsalar take. Allon mahogani mai faɗin santimita 50 yana iya canzawa da milimita 6 zuwa 8 tsakanin watan Agusta da Janairu a gari irin Kano ko Zinder. Gam da ƙusa da sukuru duk ba sa hana wannan motsi, sai dai katakon ya tsage a inda aka danne shi.

Gyaran farko shi ne haƙuri. A jera falankan a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa da kamar santimita 30, a sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane falanki da na samansa, tazarar santimita 40 zuwa 50, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta. A ɗora nauyi a sama. A shafa fenti ko gam a bakin falankan, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa take farawa. Kada a shanya a rana don a yi sauri: fuska za ta bushe, ciki na jiƙe, falankin ya murɗe. Mai na'urar auna laimar katako ya jira ta nuna kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari. Wanda ba shi da ita ya ware guntu ɗaya, ya riƙa ɗora shi a sikeli kowane mako, idan nauyin ya tsaya wuri guda na makonni uku, an kusa.

Akwai kuma waɗanda ke gyara fuskar falanki har zuwa kaurin ƙarshe a rana ɗaya. Gara a bar rarar milimita 3, a jingine shi kwana uku ko huɗu, sannan a kammala. A kuma rage daidai wa daida a fuskoki biyun. In an ci gefe ɗaya kawai, falankin zai lanƙwashe kamar kwale-kwale.

Zaɓen irin katako

Obece yana da arha da sauƙin aiki, amma taushinsa ya yi yawa, ba ya riƙe sukuru sosai, ƙwari kuma suna son sa. A bar shi a cikin durowa in dole ne, kada a yi ƙafa ko firam ɗin ƙofa da shi. Farin ɓangaren nan da ke kusa da ɓawon itace a yanke shi a ajiye gefe, shi ne ƙwaro ke fara hudawa har a riƙa ganin gari a ƙasan kabad. Iroko wani lokaci yana ɗauke da 'yan duwatsun alli a cikinsa masu dakushe kaifi nan take, don haka a duba kafin a tura shi a inji. Mahogani kuwa zarensa a sarƙe yake, wani layi ya bi nan wani ya bi can, shi ya sa yake yagewa idan kaifin bai kai ba. A rage zurfin ci, a wasa kaifi sosai, inda ya ƙi a kankare da siririn ƙarfe.

Allon ƙofa da aka manna

Wannan kuskure ya fi kowane yawa a aikin da ake cewa mai kyau ne. Ƙofa ta gargajiya firam ce mai sanduna huɗu da allo a tsakiya, gefen allon yana shiga cikin tsagin da aka yi a jikin sandunan. Dalilin yin ta haka shi ne allon ya sami wurin motsi. Sai kafinta, don son ƙarfi, ya zuba gam a tsagin gaba ɗaya, ko ya bi gefen da ƙananan ƙusoshi. Idan allon ya tsuke babu inda zai ja, sai ya rabu biyu. Idan ya kumbura, ya tura firam ɗin ya buɗe haɗin kusurwa.

A yi tsagi mai zurfin milimita 10, allon ya shiga milimita 6 ko 7 a kowane gefe, sauran ya zama fili. In ana tsoron ya riƙa kaɗawa, a ɗiga gam kaɗan a tsakiyar sama da tsakiyar ƙasa kawai. A kuma shafa wa allon launi da banish tun kafin a haɗa, in ba haka ba da ya tsuke za a ga farin layi a gefensa. Haka saman kabad: kada a ɗaure shi da sukuru a rami mai matsewa. A ja ramin ya yi ɗan tsawo ta faɗin katakon don sukurun ya iya zamewa. Filawud ba ya wannan motsi, shi ya sa ya fi dacewa da bayan kabad, milimita 6 ya isa.

Lokacin da ake aikin ma yana da hukunci. Ƙofa ko durowar da aka daidaita da hunturu tana kan mafi ƙanƙantarta, a bar mata fili kamar milimita 2 a kowane gefe. Wadda aka yi da damina tana kan mafi girmanta, milimita 1 ya wadatar. Masu juya wannan lissafi su ne ake kira a watan Agusta a ce durowa ta maƙale.

Haɗi da gam

Gam ba ya kama bakin katako sosai, wato inda zaren ya ƙare, domin wurin shanye shi yake yi. Wanda ya jingina bakin sanda a jikin wata ya manna ya buga ƙusa biyu, ya yi aikin shekara guda. A fafe rami a jikin sanda ɗaya, a bakin ɗayar kuma a fitar da harshe mai kaurin kashi ɗaya cikin uku na kaurin sandar: sanda mai milimita 21, harshe milimita 7. Ya shiga da turin hannu, ko ɗan bugu kaɗan. In sai an yi ta dukansa da guduma, zai tsaga ramin. In yana lilo, kada a cika da gam, a manna siririn katako a jikin harshen a sake gyarawa.

A haɗa kabad ɗin gaba ɗaya babu gam tukuna, a ga komai ya zauna. Farin gam yana fara kamawa cikin minti 5 zuwa 10, a zafin bazara ma bai kai haka ba, ba lokacin neman abin matsewa ba ne. Bayan an matse, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. In awon biyu bai zo ɗaya ba, akwatin ya karkace, kuma babu ƙofar da za ta zauna a kansa daidai. A gyara tun gam na ɗanye, a bar shi awa 24. Gam ɗin da ya tsatso kada a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, hakan tura shi yake cikin katako, sai an shafa launi tabon ya fito. A jira ya yi kauri kamar roba, a ɗage shi da cizal.

Awo da nauyi

Kanta mai kaurin milimita 18 kada ta wuce santimita 80 in littattafai ko kwanuka za ta ɗauka. In dole ta fi haka, a manna sanda a bakinta ta gaba ko a sa abin tokarewa a tsakiya. Kabad ɗin rataye kaya yana buƙatar zurfin santimita 55 zuwa 60, na littattafai 30. A auna ƙofar ɗaki da lungun zaure kafin a yanka komai, babban kabad a yi shi gida biyu a haɗa a ɗaki. A ɗaga shi daga ƙasa da santimita 8 zuwa 10 saboda ruwan goge ɗaki da gara, dogo kuma a ɗaure shi da bango, musamman a gidan da ke da yara.

Sukurun tagulla na hinji yana da kyau amma saurin karyewa gare shi. A huda rami, a fara shigar da na ƙarfe mai girmansa, a cire, sannan a sa na tagullan.

Gogewa da shafi

A bi samfefa a jere, 80, 120, 180, 220, kullum ta tsawon zaren katako. Tsallake lamba yana barin ƙarce da ba a gani sai banish ya hau. A haska fitila daga gefe, za su bayyana. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, a ɗan goga da 320 a tsakani. Da hunturu a yayyafa ruwa a ƙasan shago, a rufe taga, don ƙura kada ta zauna a kan ɗanyen banish. A shafa ciki da waje, sama da ƙasa, yawan shafin ya zama daidai a ko'ina. Ƙofar da aka shafa wa fuska kawai tana shan laima ta baya, kuma cikin damina ɗaya za ta lanƙwashe.