Larurar ƙwaƙwalwa ta gaggawa: yadda za a samu magani kafin lambar amincewar kamfanin inshorar lafiya (HMO) ta fito

Wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, ko ya rikice yana neman jikkata na kusa da shi, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana sambatu, a wuce da shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin duba mai larurar gaggawa bisa kowane dalili. In ya sha fiya-fiya ko ƙwayoyi, babban asibiti za a fara nufa, a tafi da kwalbar. Kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, yana iya shaƙewa abin ya gangara huhu. Asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, sai jiki ya daidaita.

A tsarin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ganin likitan ƙwaƙwalwa sai asibitin da aka yi rajista ya rubuta takardar turawa, HMO ta ba da lambar amincewa. Tun 1 ga Afrilu 2025 hukumar ta ƙayyade wa HMO awa ɗaya ta amsa. A gaggawa kuwa ana fara magani, asibiti ya nemi lambar cikin awa 48.

Inda aka fi samun matsala shi ne bakin 'yan uwa. Kunya kan sa su ce "rashin barci ne kawai", likita ya rubuta haka, HMO ta ɗauke shi ciwon da zai iya jira. Ku faɗi abin da ya faru ƙarara: igiyar da aka kwance, kalmomin da ya furta, maganin da ya daina sha da ranar da ya daina. Ku roƙi likita ya rubuta a fayil cewa gaggawa ce, domin wannan layin ake dubawa wajen biya.

Mutum ɗaya ya tsaya da mara lafiya, wani ya kai katin inshora teburin NHIA na asibitin, ya rubuta lokacin da aka tura buƙatar. In awa ta wuce shiru, a kira HMO, sannan ofishin NHIA na jiha. Duk kuɗin da kuka biya ku karɓi rasit.

Masu inshorar jiha, irin KSCHMA ta Kano da KADCHMA ta Kaduna, ko inshorar kamfani su tambayi nasu sharuɗɗan tun ana lafiya. Kafin sallama kuma, a tabbatar an nemi amincewar ganin likita na gaba da ta magunguna, don yankewar magani na cikin manyan abubuwan da ke dawo da ciwon.