Tarin da ya wuce sati biyu: yadda ake gwajin tibi a Legas da yadda ake shan maganinsa

In tari ya kai maka sati biyu bai tafi ba, ɗan'uwa ka daina zaryar kemis haka nan. Mu nan Legas komai sai mun samo abin ɗora wa laifi, wai sanyin damina ne, wai hayaƙin danfo ne, wai ƙurar kasuwa ce, mutum ya shanye kwalba uku ta maganin tari ya haɗa da kafso yana ta fama, alhali tarin fuka ne, wato tibi, ke cin huhunsa a hankali. Kuma ba abin mamaki ba ne, Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, ga kuma irin kwanan da mutanenmu ke yi a Agege da Mile 12 da Idi-Araba, a cunkushe a ɗaki ɗaya ko shago, taga a rufe saboda sauro. Ta iska ƙwayar cutar ke tafiya, mai ita ya yi tari ko atishawa na kusa ya shaƙa. Gaisawa da hannu ko cin abinci a kwano ɗaya ba sa kawo ta, don haka ware wa mutum kofi da cokali wulaƙanci ne kawai.

Banda tarin, ka lura da zazzaɓi mai zuwa da yamma-yamma, gumi da dare har riga ta jiƙe ko da akwai fanka, rashin son abinci, kasala, da rama, ka ga wandon da ke zauna maka daidai yanzu sai ka ƙara huda bel. Wani har jini yake gani a kakinsa, amma don Allah kar ka ce sai ka ga jini, da yawa ba sa taɓa ganinsa. Yara kuma ba lallai su yi tari sosai ba, sai dai ka ga yaro ya daina ƙiba, ya daina wasa, zazzaɓi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Tana ma iya fita daga huhu, ta kama kaluluwar wuya ta kumbura ba zafi, ko ƙashin baya har mutum ya yi doro, irin wannan ne ake cewa sammu aka yi masa.

Toh ina za ka je? Babban asibitin gwamnati ko ƙaramin asibitin unguwa mafi kusa da kai, ka ce a nuna maka sashen DOTS, wato sashen masu tibi, sunan da ma'aikata suka sani ke nan. In ba ka san inda yake ba ka kira 3340, layin shirin yaƙi da tibi na ƙasa ne kuma ba ya cin kati. Gwajin kaki da maganin duk kyauta ne, abin da za ka iya kashe wa kuɗi bai wuce katin asibiti ko hoton ƙirji ba. In Turancinka ko Yarbancinka bai kai ba ka tafi da wanda zai yi maka tafinta, kar kunya ta sa ka yi ta gyaɗa kai a kan abin da ba ka gane ba.

Za su ba ka wata 'yar roba mai murfi. Nan ne mutane ke ɓata abin, su tofa yawu su miƙa, sakamako ya fito ba komai su koma gida da murna. Kaki ake so, na can cikin ƙirji. Ka kuskure baki da ruwa, ka fita waje inda iska ke kaɗawa nesa da mutane, ka ja numfashi mai zurfi sau biyu ko uku, sannan ka yi tari da ƙarfi har ka ji abin ya taso mai kauri, ka tofa ciki ka rufe gam. Akwai na'urar da ake kira GeneXpert, cikin kamar awa biyu take gama aikinta (ko da yake layi kan sa ka dawo washegari), tana nuna ko akwai cutar, tana kuma nuna ko irin wadda ta fi ƙarfin rifampicin ce, ɗaya daga cikin magungunan tibi. Yaron da ba ya iya fitar da kaki ana iya gwada bayan gidansa. Za su ce kuma za a yi maka gwajin HIV, kar ka ɗauka zargi ne, kowane mai tibi ana yi masa saboda cututtukan biyu suna yawan haɗuwa, in kana da ciwon suga shi ma ka faɗa musu.

In an tabbatar, za a ɗora ka a sikeli don yawan ƙwayoyin da za ka riƙa sha ya danganta da nauyinka. Wata 6 ne. Wata 2 na farko magani huɗu ne aka haɗe a ƙwaya ɗaya, rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, sauran wata 4 kuma biyun farko kaɗai. Maganin tibin ƙashi da na ƙwaƙwalwa yakan kai shekara. Kullum ake sha, da safe kafin a karya, ni shawarata ka haɗa shi da sallar asuba ba za ka manta ba. Fitsarinka zai koma ja-ja kamar lemon kwalba, kar ka tsorata rifampicin ne. Abin da za ka ruga asibiti a kansa shi ne idon da ya yi rawaya irin na shawara, amai ba tsayawa, ƙuraje a duk jiki, ko gani ya fara dishi-dishi. In ƙafa na yi maka zugi ko tana mutuwa ka faɗa, akwai bitamin B6 da ake bayarwa. Giya a ajiye ta saboda hanta, sigari ma haka. Mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa ku gaya wa nas, maganin tibi na rage wa ƙwayar ƙarfi.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Wajen sati uku zuwa wata biyu tari zai lafa, ka fara cin tuwo da kyau, jiki ya murmure, sai zuciya ta ce ai ka warke, ga aiki na jira, ga kuɗin mota zuwa karɓar magani, ga go-sulo. Wallahi ba ka warke ba. Ƙwayoyin cutar masu rauni ne suka mutu, masu taurin kan suna nan kwance, kana tsayar da magani za su farfaɗo kuma wannan karon mai yiwuwa maganin farko ba zai taɓa su ba. Wannan ita ce tibi mai bijire wa magani, irin wadda ake kula da masu ita a asibitin Mainland da ke Yaba, magungunanta sun fi yawa sun fi wahalar da jiki, kuma duk wanda ka sa wa ita irin taka zai ɗauka, har 'ya'yanka. Shi ya sa ake maimaita gwajin kaki a ƙarshen wata na 2 da na 5 da na 6, ma'aikacin lafiya ne zai ce ka gama, ba jikinka ba.

Mu kuma ga tafiya, Sallah ta zo a tafi gida, damina ta faɗi a tafi noma. Kar ka hau mota Kano ko Sakkwato haka kawai da ragowar sati ɗaya a aljihu. Ka je wa mai ba ka magani tun da wuri ya rubuta maka takardar canjin wuri, ka riƙe katinka, duk jihar da ka sauka akwai DOTS kuma maganin iri ɗaya ne. Azumi ma haka, ku zauna da mai ba ka magani ku tsara lokacin sha, ba a tsallake kwana.

A makonnin farko ka rufe baki da hankici ko takunkumi in za ka yi tari, a buɗe taga a sa gidan sauro, in da hali ka kwana kai kaɗai, bayan kamar sati biyu kana shan magani daidai haɗarin yaɗawa na raguwa sosai. Sai ka kwashi waɗanda kuke kwana tare su ma a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu HIV, ko ba su da alama akwai maganin kariya da ake ba su na 'yan watanni. Jariri kuma a tabbatar an yi masa allurar BCG ta rigakafin tibi tun haihuwa.