Yadda za ka koma manhajoji masu 'yanci ba tare da aikinka ya tsaya ba

Akwai kuskuren da na sha ganin masu zumuɗi suna yi. Mutum ya ji ana yabon Linux, babbar manhajar kwamfuta mai 'yanci da ke madadin Windows, ya kwana yana kallon bidiyo a kansa, gari na wayewa ya goge Windows daga kwamfutarsa ya ɗora sabon abu. Kafin la'asar firinta ta ƙi aiki, takardar da zai miƙa gobe ta hargitse, ga shi bai san inda zai taɓa ba. Bayan kwana uku ya kai kwamfutar wurin mai gyara a mayar masa da abin da ya saba. Daga ranar duk wanda ya ambaci Linux a gabansa sai ya ce ai ya gwada, ba shi da amfani. Abin yana damuna, domin ba manhajar ce ta gaza ba. Shi ne ya fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe.

Bari mu fara fayyace abin da ake magana a kai. Kowace manhaja tana da rubutun da masu ƙira suka gina ta da shi. Kamfanoni irin su Microsoft da Adobe suna rufe nasu rubutun, abin da suke sayar maka izinin amfani ne kawai. Manhaja mai 'yanci kuwa rubutunta a buɗe yake, kuma lasisinta ya ba ka dama huɗu: ka yi amfani da ita yadda ka ga dama, ka duba yadda aka gina ta ka gyara, ka ba wani kwafi, ka kuma rarraba gyaran da ka yi. Richard Stallman ne ya ɗaga wannan tuta a Amurka lokacin da ya sanar da aikin GNU na gina babbar manhajar kwamfuta mai 'yanci a 1983, sannan a 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da Linux. Turanci yana da kalma guda da take ɗaukar ma'anar kyauta da ta 'yanci, shi ya sa suke ta faman bayani. Mu Hausa ta raba mana gardama. WhatsApp kyauta ne, amma ba mai 'yanci ba ne, domin ba ka da ikon leƙa cikinsa.

Me ya sa zancen ya shafe mu? Da yawa daga cikinmu kwamfutar hannu muke saya, mai shago ya cika mana ita da Office da CorelDRAW da Photoshop waɗanda aka fasa wa makulli. Irin wannan kwafin haƙƙin wani ne, ba ya karɓar gyaran tsaro yadda ya kamata, kuma ta hanyarsa ake yawan cusa wa mutane manhajar ɓarna. Ga kuma Windows 10, wanda Microsoft ta rufe tallafinsa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin zamani, abin da tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi. Kwamfuta lafiyarta ƙalau, amma an ce zamaninta ya wuce.

Misalin da na fi so shi ne na jandarmomin Faransa. Ba rana ɗaya suka juya ba. A 2005 suka sauya manhajar ofis zuwa OpenOffice, a 2006 suka koma Firefox na shiga intanet da Thunderbird na imel, sai a 2008 suka fara ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a kwamfutocinsu. Lokacin da babbar manhajar ta sauya, ma'aikaci ya tarar da kayan aikin da ya riga ya saba da su shekara biyu zuwa uku. Wannan tsarin nake so ka bi.

Fara da takarda da biro

Kafin ka sauke komai, zauna ka rubuta abin da kake yi da kwamfuta a mako guda. Rubuta aikin, ba sunan manhajar ba: buga wasiƙa, lissafin shago, tsara katin biki, yanka bidiyon wa'azi, taron Zoom. Ka ja layi a ƙarƙashin wanda da shi kake cin abinci. Wannan shi za ka taɓa a ƙarshe, kuma mai yiwuwa ba za ka taɓa shi ba sam.

Makon farko: ƙananan abubuwa, kana nan a kan Windows ɗinka

Ɗora Firefox a gefen burauzar da kake amfani da ita. Yayin girkawa zai tambaye ka ko ya kwaso shafukan da ka adana, ka ce masa eh. Ƙara masa uBlock Origin, wanda yake toshe tallace-tallace, za ka ga shafuka sun fi saurin buɗewa, data ma ta rage zuba. Sai VLC na kallon bidiyo da sauraren sauti, wanda wataƙila yana kwamfutarka tuni ba ka san mai 'yanci ba ne. Ɗalibai ne suka faro shi a wata makarantar injiniyoyi ta Faransa.

Doka ɗaya a nan: sauke kowace manhaja daga shafin masu ita, wato mozilla.org da videolan.org da libreoffice.org. Kada ka danna tallan da ya fito a saman sakamakon bincike. Akwai masu kwaikwayon waɗannan shafuka suna lulluɓe ɓarna da sunan manhajar kirki.

Wata guda tare da LibreOffice

Nan ne ainihin aikin yake, don haka nan zan daɗe. LibreOffice ya samo asali ne a 2010 daga OpenOffice, kuma wata gidauniya da ke Jamus ce take kula da shi. Writer ne madadin Word, Calc madadin Excel, Impress madadin PowerPoint. Ɗora shi, amma kada ka cire Office tukuna. Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari.

Fara da sababbin takardu, waɗanda ba na gaggawa ba. Idan fuskar ta yi maka baƙunta, shiga View, sai User Interface, ka zaɓi Tabbed, za ta koma kusa da wadda ka sani a Word. Bayan kwana biyu sai ka ɗauko tsofaffin fayilolinka guda goma mafi wahala, masu teburi da hotuna da lambobin shafi, ka yi kwafinsu, ka buɗe kwafin a Writer ka duba abin da ya goce.

Mafi yawan abin da yake gocewa daga salon haruffa ne. Idan an rubuta takarda da Calibri ko Cambria, aka buɗe ta a inda babu su, sai manhajar ta sa wani salon mai faɗi daban, layuka su zame, shafi 40 ya koma 42. Maganin shi ne Carlito a madadin Calibri, da Caladea a madadin Cambria, da Liberation Serif a madadin Times New Roman. An ƙera su da faɗi ɗaya da na asalin, don haka layi ba ya motsi. Muddin kana kan Windows ba za ka ji wannan matsala sosai ba, amma ranar da ka koma Linux za ka gode wa Allah da ka san da ita.

Sai batun ajiya. LibreOffice yana ajiye takarda a tsarin odt, wanda buɗaɗɗen tsari ne da hukumar ma'aunai ta duniya ta amince da shi tun 2006. Nawa ra'ayin shi ne ka ajiye kwafinka a odt, abin da za a karanta ko a buga kawai ka fitar da shi a PDF, wanda wani zai gyara kuma ka tura masa docx, wato tsarin Word. Idan shagon buga takardu za ka, PDF za ka kai, domin yadda ka tsara haka zai fito. Wanda kullum da masu Word yake hulɗa zai iya shiga Tools, sai Options, sai Load/Save, ya mayar da docx tsarin ajiyarsa na dindindin.

Gaskiya guda da bai kamata a ɓoye ba: fayil ɗin Excel mai ɗauke da umarnin sarrafa kai da aka rubuta musamman domin Excel ba lallai ya yi aiki daidai a Calc ba. Idan ofishinku da irinsa yake biyan albashi, bar shi inda yake. Haka ɗalibin da ya rage masa mako biyu ya miƙa kundin kammala karatu, ya gama da abin da ya fara da shi.

Hoto da sauti da bidiyo

Akwai GIMP na gyaran hoto, Inkscape na zanen tambari da fosta, Audacity na sauti, Kdenlive ko Shotcut na yanka bidiyo, OBS Studio na watsa shiri kai tsaye. Duka suna aiki a kan Windows. Audacity da OBS ba sa buƙatar lallashi, a yini ɗaya za ka kama. GIMP da Inkscape ne suke neman haƙuri, musamman ga wanda hannunsa ya saba da Photoshop ko CorelDRAW shekara da shekaru. Inkscape yana buɗe wasu fayilolin Corel, amma ba kowane lokaci suke fitowa cif ba, kuma masu injin buga bana da yawa fayil ɗin Corel suke tambaya. Ka tambayi naka ko zai karɓi PDF kafin ka karɓi aikin kwastoma.

A waya kuwa, Android kansa a kan Linux aka gina shi. Akwai F-Droid, rumbun da manhajoji masu 'yanci kaɗai yake ɗauka, ga kuma Signal na tura saƙo. Gwada su idan ka samu sarari.

Ɗanɗana Linux daga filashi

Idan ka yi wata biyu ko uku kana aikinka da waɗannan kayan har ka daina neman tsofaffin, lokaci ya yi. Linux iri-iri ne, kuma za ka ji masoyansa suna ta musu a kan wanda ya fi. Kada musun ya ɗauke maka hankali. Ga mai fitowa daga Windows, Linux Mint nake ba da shawara, domin fuskarsa ta yi kama da wadda ka sani. A kan Ubuntu aka gina shi, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004. Idan kwamfutarka tana da ram gigabait 4 ko fiye, ɗauki nau'in Cinnamon. Idan tsohuwa ce mai rauni, ɗauki Xfce.

Fayil ɗin girka Mint ya kai kusan gigabait 3, don haka nemi inda ake da intanet mai ƙarfi, ko ku haɗu ku sauke sau ɗaya ku raba. Raba shi halal ne, lasisin ma abin da yake so ke nan. Nemi filashi mai gigabait 8, ka kwashe abin da ke ciki domin za a goge shi tas, sannan ka rubuta fayil ɗin a kansa da manhajar Rufus ko Etcher. Kashe kwamfutar, soka filashin, kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP.

Linux zai tashi daga filashin ba tare da ya taɓa Windows ɗinka ba. Yanzu gwada komai: Wi-Fi, sauti, kyamara, firinta, haɗa waya da kebul, majigi idan kana koyarwa. Buɗe fayilolinka. Zai ɗan yi nauyi saboda daga filashi yake gudu, kada ka yanke masa hukunci da wannan. Ka cire filashin, kwamfutarka ta koma yadda take. Yi haka sau uku ko huɗu a ranaku daban-daban.

Girkawa

Kafin komai, kwafe fayilolinka zuwa rumbun ajiya na waje, ka buɗe wasu daga can ka tabbatar sun kwafu. Idan Windows ɗinka yana kulle rumbu da BitLocker, rubuta lambar buɗewarsa a takarda ko ka kashe shi tukuna. Sannan ka kula da wuta. Batirin kwamfutocin hannu sau da yawa ya riga ya mutu, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar raba rumbu za ka iya rasa komai. Jira sai kana kan sola ko janareto.

Mai girkawar zai ba ka zaɓi: ya ajiye Mint a gefen Windows, ko ya goge rumbun gaba ɗaya. Karanta wannan shafin sau biyu, ka zaɓi na farko. Daga nan duk lokacin da ka kunna, kwamfutar za ta tambaye ka wanne kake so. Shiga Mint domin aikin yau da kullum, ka bar Windows domin abin nan da ka ja wa layi a takarda.

Da ka shiga, buɗe Update Manager ka karɓi gyare-gyare, ka leƙa Driver Manager ka ga ko Wi-Fi ko katin hoto suna buƙatar wani abu, sannan ka kunna Timeshift, wanda yake ɗaukar hoton tsarin kwamfutar domin ka iya komawa baya idan wani abu ya lalace. Sababbin manhajoji daga Software Manager ake ɗauko su, ba a yawon shafuka. Baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki ba dole ba ne a farko, kuma kada ka liƙa masa umarnin da ka tsinta a intanet alhali ba ka san abin da yake yi ba.

Abu na ƙarshe da nake saita wa duk wanda na taimaka wa shi ne allon rubutu. A cikin jerin harsuna na Linux akwai Hausa ta Najeriya da Hausa ta Gana. Ƙara wadda ta dace da kai, ka buɗe hoton allon ka ga inda ɓ da ɗ da ƙ suke. Idan salon haruffan da kake amfani da shi yana karkatar da su ko yana nuna akwati a gurbinsu, sauke Charis ko Andika na ƙungiyar SIL, su ma masu 'yanci ne, ka buɗe Writer ka rubuta ƙasa da kasa a layi ɗaya ka ga ko kowace ta fito da kamanninta.