Yadda za ka zaɓi Linux ɗin da ya dace da kwamfutarka idan yanzu za ka fara

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗa masu tsauri: sai kwamfuta tana da guntun tsaron nan da ake kira TPM 2.0, kuma in furosesanta na Intel ne, galibi sai ya kasance daga ƙarni na 8, wato "8th generation", zuwa sama. Duk wanda ya san irin kwamfutocin gwanjon da ke hannun ɗalibanmu na manyan makarantun jihar Kebbi, a Kalgo da Aliero da Waziri Umaru, su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad masu ƙarni na 4 ko na 6, ya san da yawansu ba su cika sharaɗin ba. Lafiyarsu ƙalau, za su iya ƙara shekaru suna aiki, kuma takaici ne a ce wa yaron da iyayensa suka sayar da buhunan shinkafa suka saya masa ita wai ta tsufa. Abin da take buƙata shi ne wata babbar manhaja da za ta riƙa samun gyara, kuma akwai ta kyauta, halak malak, ba ta sata ba.

Sunanta Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991, ya bar rubutun a buɗe, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wani. Wannan buɗewar ce ta sa nau'o'insa suka yi yawa har suke ruɗa sabon shiga. Ka ɗauke shi kamar shinkafa: ƙwayar ɗaya ce, amma wani ya yi tuwo, wani dafa-duka, wani masa. Ubuntu, Mint, Fedora, Debian, duk Linux ne, hannun da ya sarrafa su ne ya bambanta.

Fara da sanin ƙarfin kwamfutarka

Kafin ka sauke komai, buɗe "Settings", ka shiga "System", sannan "About". Abu biyu za ka duba: yawan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da kuma ko furosesan 64-bit ne ko 32-bit. Idan ka ga "x64-based processor", hanya a buɗe take. Idan RAM ɗinka ya kai giga 8, kowane nau'i zai gudu. Giga 4 ma ya isa ga yawancinsu. Giga 2 kuwa sai ka nemi mai sauƙin nauyi. Kwamfutar da ta tsufa sosai har take 32-bit, manyan nau'o'in sun daina yi mata. A nan antiX ne zai fitar da kai, ko da yake fuskarsa ba ta da kyan gani kamar sauran.

Sannan ka yi wa kanka gaskiya game da aikin da kake yi

Wannan matakin ne masu tallan Linux suke tsallakewa, kuma shi ne yake sa mutum ya ɗora yau ya goge gobe cikin fushi. Ɗauki takarda ka rubuta manhajojin da kake buɗewa kowane mako. Idan rubutun furojet ne, da karanta PDF, da shiga shafin makaranta, da kallon bidiyo, da WhatsApp ta birawuza, babu abin da za ka rasa. LibreOffice yana zuwa a ciki, yana buɗe takardun Word da Excel da PowerPoint, yana kuma ajiye su a tsarinsu. Sai dai wani lokaci tebur ko tazarar layi takan ɗan gurɗe idan an buɗe a wata kwamfutar, don haka duk abin da za ka kai shagon buga takardu, mayar da shi PDF tun daga gida. Firefox, Chrome, VLC, Telegram da Zoom duk suna da na Linux.

Amma idan abincinka yana cikin CorelDRAW ne, kana zana katin biki da kalanda da fosta a shago, to ka sani ba a yi shi don Linux ba. Haka Photoshop da AutoCAD. Akwai Inkscape da GIMP, manhajojin zane da gyaran hoto da ke aiki a Linux, kuma ƙwararru suna yin aiki mai kyau da su, amma koyonsu sabon karatu ne, ba kuma abin da za ka fara ana gobe ɗaurin aure mai kati yana tsaye a kanka ba. Irin wannan mutum shawarata ita ce ya bar Windows ɗinsa, ya ɗora Linux a gefensa, duk sanda ya kunna ya zaɓi wanda zai shiga. Haka ma ɗalibin da ya dogara da manhajar gwajin JAMB wadda aka yi wa Windows kaɗai.

Yanzu zaɓin

Ni ba na ɓoye ra'ayina: ga wanda bai taɓa amfani da Linux ba, Linux Mint ne. Wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara shi a 2006, an kuma gina shi a kan Ubuntu. Maɓallin menu yana ƙasa ta hagu, agogo yana ƙasa ta dama, fayiloli suna inda hannunka ya saba nemansu, har wanda ya girma da Windows 7 zai ji kamar gida ya dawo. Jerin Mint 22, wanda ya fara fitowa a 2024, zai riƙa samun gyaran tsaro har 2029. Yana zuwa da fuska uku. Cinnamon ita ce cikakkiya, ita za ka ɗauka in kana da giga 4 ko fiye. Xfce ta fi sauƙin nauyi, ita ce ta mai giga 2 ko mai tsohon furosesa. MATE tana tsakaninsu. Masu yin sa sun ce mafi ƙarancin abin da yake so shi ne RAM giga 2 da wurin ajiya giga 20.

Akwai dalili na biyu da ya shafe mu musamman, wato data. Fayil ɗin Mint kimanin giga 3 ne, na Ubuntu 24.04 kuwa ya kusa giga 6. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, yana jiran garaɓasar dare, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Wannan ba raina Ubuntu ba ne. Kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da shi a 2004, kuma shi ya fi kowane yawan bayanai a intanet. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da zai riƙa bin darussan rubuta manhaja zai ga yawancinsu da Ubuntu ake misali. In shi ka zaɓa, ɗauki mai alamar LTS, wanda ke fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, yana kuma samun gyara na shekara biyar. Fuskarsa dai ta bambanta da ta Windows, ta kuma fi cin RAM. Zorin OS shi ma ya cancanci a duba shi. An tsara shi ne don masu baro Windows, kuma nau'insa na Core kyauta ne.

Fedora yana da kyau, amma duk wata shida yake fitar da sabo, kowanne kuma ba ya wuce kimanin wata 13 ana gyara shi, ga yawan saukewa. Arch na waɗanda suka goge ne. Sai Kali, wanda samari suka fi tambaya saboda sun ji an ce shi 'yan kutse ke amfani da shi. Kali kayan aikin masu gwada tsaron na'urori ne, masu yin sa da kansu sun ce ba su shawarci sabon shiga da shi ba. Ɗora shi ba ya koya wa kowa komai. In harkar tsaron intanet kake sha'awa, ka fara sanin Linux a kan Mint, daga baya ka isa can da ƙafarka.

Saukewa da shirya filash

Daga shafin masu shi kaɗai za ka sauke, ba daga wani mahaɗi da aka turo a guruf ba. Idan abokinka yana da fayil ɗin ya ba ka, babu laifi, halal ne a kwafa a raba, amma ka tantance shi. Kowane fayil yana da wata doguwar lamba da ake kira SHA256, an wallafa ta a shafin. Manhajar Rufus tana iya lissafo maka ta fayil ɗin da ke hannunka, sai ka gwada su. In sun yi daidai, fayil ɗin cikakke ne, ba a taɓa shi ba. Kada ka ga kamar ɓata lokaci ne: a Fabrairun 2016 an taɓa kutsawa shafin Mint aka saka mahaɗin gurɓataccen fayil na ɗan lokaci, kuma ko ba wannan ba, sabis ɗin da ke yankewa a tsakiyar saukewa yakan lalata fayil.

Nemi filash mai giga 8 ko fiye, na kirki. Kwashe abin da ke cikinsa domin za a goge shi tas. Buɗe Rufus ko balenaEtcher, nuna masa fayil ɗin, nuna masa filash, ka bar shi ya gama.

Gwada kafin ka ɗora

Nan ne zaɓin gaskiya yake, don haka kada ka yi gaggawa. Kashe kwamfutar, soka filash, kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo. Zaɓi filash ɗin. Mint zai tashi gaba ɗayansa daga cikin filash ba tare da ya taɓa komai naka ba. Zai ɗan yi nawa, wannan daga filash ne.

Yanzu bi komai ɗaya bayan ɗaya. Wi-Fi yana ganin hotspot ɗin wayarka? Sauti yana fita ta sifika da ta abin kunne? Kamara fa? Maɓallan ƙara haske da rage shi? In kana da firinta, jona ta ka buga shafi ɗaya. Abin da ya fi ba da matsala a tsofaffin HP da Dell shi ne katin Wi-Fi na Broadcom, wanda sai an ƙara masa direba, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki. Maganinsa mai sauƙi ne: jona wayarka ta Android da kebul, kunna "USB tethering", intanet zai shigo nan take, sai ka buɗe "Driver Manager" ya nemo abin da ya rage. Idan ka ga wani muhimmin abu ya ƙi aiki sam, gwada wani nau'in kafin ka yanke hukunci. Manhajar Ventoy tana ba ka damar zuba nau'i biyu ko uku a filash ɗaya ka gwada su bi da bi.

Ɗorawa

Kwafe furojet ɗinka, hotunanka da takardun shaidarka zuwa wani wuri daban, ka buɗe su a can ka tabbatar sun kwafu. Idan za ka bar Windows a gefe, shiga cikinsa ka kashe "Fast Startup", in kuma BitLocker, makullin da Windows ke kulle ma'ajiya da shi, yana kunne, ka rubuta lambar cetonsa a takarda tukuna. Sai maganar wuta. Yawancin kwamfutocin gwanjo batirinsu ya mutu ko ya kusa, kuma ɗaukewar wuta a daidai lokacin da ake raba ma'ajiya tana iya cinye duk abin da ke ciki. Yi aikin a inda akwai sola ko janareto, a kan tebur, ba kan katifa ba, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Sake tayar da Mint daga filash, ka danna "Install Linux Mint". Zai tambaye ka harshe da tsarin maɓallai, sannan ka sa alama a wurin "multimedia codecs" don bidiyo da sauti su buɗe. Shafi na gaba shi ne mai hatsari, ka karanta shi sau biyu. Zaɓin da ke ɗauke da kalmar "alongside" zai ajiye Mint a gefen Windows. "Erase disk" zai share komai da komai. "Something else" ka bar wa gwanaye. Wajen yankin lokaci zaɓi Lagos. Sa suna da kalmar sirrin da ba za ka manta ba, domin za a riƙa neman ta duk sanda za ka ɗora manhaja ko ka yi gyara. Idan ya gama, zai ce ka zare filash ka sake kunnawa.

Bayan ya tashi

Buɗe "Update Manager" ka karɓi gyare-gyaren farko, suna da ɗan yawa, don haka ka tanadi data. Kunna Timeshift, wanda ke ajiye hoton tsarin kwamfutar yadda in wani abu ya lalace za ka koma yadda take jiya. Amma fa ba ya ajiye takardunka, waɗannan kai za ka riƙa kwafe su. Manhajoji kuma daga "Software Manager" ake ɗaukar su, an daina yawon neman fayil a shafukan da ba a sani ba. Za ka kuma lura cewa ƙwayar cutar nan mai mayar da fayilolin filash gajerun hanyoyi ba ta aiki a nan. Kana iya buɗe filash ɗin da ya kamu, ka ga fayilolin da ta ɓoye, ka goge ta. A saitin maɓallai akwai tsarin Hausa na Najeriya mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, akwai kuma na Larabci, ka ƙara su ka riƙa sauyawa.

Wanda ya bar Windows a gefe zai iya ganin agogonsa ya koma baya da awa ɗaya duk sanda ya dawo daga Mint. Dalili shi ne Linux yana ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya, Windows kuma a kan lokacin gida, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Kada ka bari ya ruɗe ka a lokacin salla ko jarrabawa. Buɗe "Terminal" a Mint, ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, ka danna "Enter", in ya nemi kalmar sirri ka ba shi, sannan ka shiga Windows ka gyara agogon sau ɗaya.